Ƙanwata Tana Koyon Ƙishirwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalan gidansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Mato na Yalwa. Mai girma wakilin hakimi, ranka ya daɗe. Limaminmu Malam Uzairu, Allah ya gafarta Malam. Dagatai da masu unguwanni. Malaman bita da ma'aikatan lafiya. Maniyyatan bana na Rano da na Kibiya, waɗanda dominku aka kafa rumfunan nan. Iyaye mata da aka tura can baya kusa da tukwane, inda ƙamshi ke riga magana isa. Da jikokina, waɗanda na haifi iyayensu da waɗanda suka liƙe mini saboda ƙuli-ƙuli: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan walima ta bankwana. Ina kuma godiya ga wanda ya ga ya dace a miƙa wa tsohuwa lasifika, Allah ya sa kada ya yi nadama kafin in zauna.

Ni ce Jumai ta Rurum Tsohon Gari. Karatuna na boko bai yi nisa ba, amma na hau jirgin sama na sauke farali, na sake hawa na je Misra aka yi mini aikin ido. Saboda haka ne aka ce in tsaya in gaya wa maniyyata gaskiyar ruwan famfo a ƙasar waje, a sha ko kada a sha. Tun da aka ɗora mini wannan aiki nake juya maganar, kuma ina shaida muku a gaban Malam, yau na fi ranar da aka faɗa mini ruɗewa. Da don famfo ne kawai da na ce a nemi wani. Saboda Saudatu na karɓa.

Ga ta can a layin gaba na mata, mai farin mayafi, wadda ta sunkuyar da kai tana hararata ta ƙasan ido. Ƙanwata ce, ciki ɗaya, aure ya kai ta Fammar tun muna da haƙora. Bana Allah ya kira ta, tana cikin masu tafiya.

Mu a gidanmu mun taso mun tarar da wata al'ada. In mutum zai yi tafiya mai nisa, sai ya ɗebi ƙasar ƙofar ɗakinsa ya ƙulle a tsumma. In ya sauka a baƙon wuri, sai ya barbaɗa 'yar kaɗan a ruwan da zai sha, don ruwan ya gane shi, kada ya juya masa ciki. Haka iyayenmu suka yi, haka iyayensu fatake suka yi. Saudatu ta ƙulla tata tun ranar da sunanta ya fito.

Sai aka zo bita. Jikana Abdurrahim, ma'aikacin lafiya, ga shi nan zaune da farar riga, angon nawa da har yau bai kawo lefe ba, shi ya miƙe ya yi wa maniyyata bayani. Ya ce kada a sha ruwan famfo sai an tabbatar da lafiyarsa. Ya ce kada wanda ya zuba ƙasa a ruwan sha. Ya ce ba a shiga jirgi da jarkar ruwa, ƙullin tsumman ma yana iya sa a tsare mutum a filin jirgi ana yi masa tambayoyi. Daga ƙarshe ya ce a riƙa shan ruwa da yawa, don ranar can ba irin tamu ba ce.

Saudatu ta koma Fammar ta zauna ta yi nazari. Famfo an hana. Ƙasa an hana. Jarka an hana. Sai ta yanke hukunci ita kaɗai, ba shawara da kowa, cewa tunda haka ne za ta koya wa jikinta zama babu ruwa. Jama'a, tun daga ranar ƙanwata take rage shan ruwa, kullum ƙasa da na jiya, kamar mai yaye jariri.

Na hau babur na same ta. Na ce, "Saudatu, ruwan gora fa?"

Ta ce, "Yaya, na gorar ma ai a can aka ɗura shi. Baƙo ne, sai dai ya sa riga."

Na ce, "To Zamzam fa?"

Ta ce, "Zan kurɓa don albarka. Amma ai mai kunya ba ya cika cikinsa da abin albarka, sai ya rage wa na baya."

Ranar kasuwar Kibiya da ta wuce, a layin masu tumatir, Saudatu ta yanke jiki ta faɗi. Mata suka taru, aka yi salati, aka yayyafa mata ruwa. Da ta buɗe ido ba ta tambayi inda take ba, ba ta tambayi jakarta ba. Cewa ta yi, "Wannan ruwan na ina ne?"

Ku yi dariyarku, ni ma na yi. Amma ni na tsaya a Arfa, na ga ranar da ake magana. Na ga ƙato wanda zai iya ɗaukar buhun masara a kafaɗa ɗaya, an ɗauke shi a kwance saboda ƙishirwa. In Saudatu ta tafi da wannan shawara tata, jakarta ce za ta dawo. Kuma a ɗakinmu mu biyu muka rage.

To bari in faɗi abin da na gani, ko wani a cikinku zai warware abin da ya gagare ni.

Na farko, a Makka. Ɗaki ɗaya aka ba mu da Luba 'yar Yalwa da Afra'u 'yar cikin Rano. Luba ba ta yarda ruwan famfo ya taɓa leɓenta ba, goge baki ma da ruwan gora take yi. Afra'u kuwa tafin hannu take tarawa a bakin famfo ta sha har ta yi gyatsa. Wa kuke zaton cikinsa ya ɓaci? Luba! Ta yi ɗawafi tsakanin gado da banɗaki har sai da muka tausaya mata. Afra'u ta dawo gida da kumatu, mijinta bai gane ta ba a filin jirgi. Na kai wa Abdurrahim wannan ƙara. Ya ce wataƙila Luba ta sha lemo mai ƙanƙara, ko ta ci ganyen da aka wanke da wani ruwa, Afra'u kuma sa'a ta yi, ba a gina magani a kan sa'a. Na ce ƙanƙara kuma? Ni da nake zaton duk abin da ke cikin ruwa, in ya daskare sanyi ya kashe shi? Ya ce a'a, Kaka, wuta ke kashewa, sanyi ajiyewa yake. Sannan wani ya ƙara mini da cewa ruwan famfon can ma na teku ne aka cire masa gishiri. Na tambaya ina aka kai gishirin. Har yau ba wanda ya ba ni amsa.

Na biyu, a Misra. Mai gidan da muka sauka wani dattijo ne mai fara'a. A gabana ya buɗe famfo ya cika kofi ya shanye. Na miƙa hannu ni ma zan tara, sai ya fizge kofin yana ta girgiza kai. Mai yi mana tafinta ya ce mini, wai cikinsu ya saba, nawa bai saba ba. Na ce Allahu Akbar, ashe ruwa ya san mutanensa! Ai abin da kakanninmu suka faɗa ke nan, shi ya sa suke ƙulla ƙasa. Na dawo da murnata na ce wa Abdurrahim yau na kama ka. Ya ce maganar dattijon gaskiya ce, ciki yana sabawa da ruwan garinsu, amma ƙasa ba ta gabatar da kowa ga kowa, datti kawai take ƙara wa kofi. Kun ji fa. Gaskiya ce a nan, gaskiya ce a can, kuma sun ƙi su gaisa.

Ina cikin wannan sai Munzali, ɗan wana da ke zaune a Turai, ya kira waya ya ce su a garinsu na famfo kowa ke sha, har likitoci. Ashe akwai ƙasar da famfonta lafiya lau, akwai wadda nata ciwo ne, akwai kuma wadda ruwan ya fito da kyau amma tankin saman bene ya ɓata shi. Kuma duk famfunan kamarsu ɗaya, ba wanda aka yi wa tsaga a fuska. Ni dai famfo mafi aminci da na sani shi ne na bakin layinmu. Ya daɗe bai ɗiga ba, akuya ake ɗaurewa a jikinsa, kuma bai taɓa ɓata cikin kowa ba.

Na uku, ko na huɗu ne, Shugaba? To, ya ce na uku. Alwala. In an hana ni shan ruwan, da me zan kurkure baki? Na tambayi Malam Uzairu, ga shi nan, in na yi masa ƙarya ya tsayar da ni. Ya ce ruwa ne mai tsarki, alwala ta yi. Na tambayi Abdurrahim, ya ce ki kurkure ki tofar, kada ki haɗiye. Su duka biyun suna da haƙoran tare ruwa. Ni da ƙofar bakina take a buɗe, wa zai tsaya mini gadi? A nan ne na gane tsarki daban, tsabta daban, lafiyar ciki kuma daban, kuma duk a cikin buta ɗaya.

Saboda haka, maniyyata, in kun tambaye ni ko ruwan famfon ƙasar waje yana shayuwa, amsata ita ce ban sani ba. Wanda ya ce muku ya san na duk duniya, ku tambaye shi inda aka kai gishirin. In kun sauka, ku tambayi likitocin da suka raka ku, ku tambayi masu masaukin. In an yi ta ja-in-ja, ku sha na gora wanda ku da kanku kuka karya murfinsa, ko ku tafasa. Zamzam kuwa ku sha ku ƙoshi, na ga miliyoyi sun sha bai ƙare ba, ba Saudatu ce za ta ƙarar da shi ba.

Ban san famfo ba, amma na san ƙishirwa. Ciwon ciki yana ba mutum lokaci ya nemi magani. Ƙishirwa a wancan fili ba ta sallama.

Saudatu, taso. E, ke. Kada ki duba bayanki, babu wata Saudatun. Shugaba, a yi mini afuwa, ina roƙon kada a buɗe tukunya ko ɗaya sai ƙanwata ta zo nan. Kun ji, jama'a, shinkafarku tana hannunta. Yauwa, ku buɗa mata hanya, Juwairiyya riƙe mata hannu, ke ce za ki kwana ɗaki ɗaya da ita a can.

Abdurrahim, miƙo gorar nan ta kan teburin manya. Duba jikinta, a ina aka ɗura ta? Ya ce ba a Fammar ba. A Kibiya? Ya ce a'a. Rano? Ya ce ko kusa. To, baƙon ruwa ne, irin wanda za ki tarar. Karɓi, karya murfin da hannunki.

Me kika ce? Ɗaga murya. Ta ce na tona mata asiri a gaban maza. Na tona, gara in tona asirinki da in zauna karɓar gaisuwarki. Ta ce kuma ba za ta sha ba sai da ƙasar Fammar, don ruwan bai san ta ba.

To tsaya. Cire takalmin nan. Cire mana, ai ni na yi miki wanka kina jaririya. Jama'ar gaba, ku dubi dugadugan nan. Ku dubi wannan kaushi, ku dubi wannan faso. Shekara da shekaru tana taka gonar Fammar, tana taka tsakar gidan Fammar, ba sabulun da bai gwada ba ya haƙura. Saudatu, ƙasar da ke cikin fason nan ta isa a shuka gyaɗa. Ke da kanki ƙullin ƙasar Fammar ce. Duk ruwan da ya shiga cikinki, ya tarar da Fammar tana jiransa. Abdurrahim, ana ƙwace dugadugi a filin jirgi? Ya ce ba a ƙwacewa. Allah ya gafarta Malam, akwai laifi? Malam dariya yake, ya ce babu.

Ko hakan magani ne, wallahi ban sani ba, kada wani ya je ya ce Jumai ta ba da fatawa. Ni dai ki sha.

Bismillah. A hankali. Kada ki kurɓa kamar mai ɗanɗana miya, haɗiye. Ƙara. Kun gani, jama'a, ku zama shaida. Ta ce wai bai kai na rijiyarta daɗi ba. Ban ce ya kai ba. Mene ne kuma? Shugaba, ta ce in akwai wata gorar a ƙaro mata.

Juwairiyya, na ba ki amanarta. Duk sallah ki ga ta sha, tsakanin salloli ma ki ga ta sha. In ta yi gardama, ki duba mata ƙafa.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa ku yi aiki karɓaɓɓe. Allah ya tsare cikinku daga ruwan da bai san ku ba, ya tsare ku daga ƙishirwar da ba ta san kowa ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon kawo mana ruwan da za mu sha ba tare da taro ba. Waɗanda ba su je ba, Allah ya kira su. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka ƙulla ƙasa a tsumma, iyakar saninsu ke nan, kuma don ƙauna suka yi. Ni kuma ku sa ni a addu'a a gaban Ɗakin Allah, ku roƙa a dawo mini da ƙanwata tana tafiya da ƙafarta, don ban gama tsokanarta ba.

A buɗe tukwane. Na gode.