Kwamfuta Uku Sun Ce Ya Mutu

A bencin jira na ofishin ma'aikata, na lura da tawadar dangwale a babban yatsan tsohon da ke gefena. Wata mata ta tambaye shi me ya kawo shi.

"Ƙanena ya rasu a unguwar Limanti, 'yata. Shi Madu, ni Madu, uba ɗaya. Sai suka soke sunana, aka tsayar da ni daga aiki."

"Ai sai su gyara, Baba."

"Sau biyu suna gyarawa a kwamfutar nan. Amma kwamfutocin huɗu ne, suna kwafar juna. Ukun sun ce na mutu, sai ta bi su."

"Ba ga ka a gabansu ba?"

"Akawu ya ce shi dai ya gan ni."

Aka kira sunaye har ƙarshe, babu Madu. Tsohon ya saka takalmansa ya fita.