Sanyin da Bai Kai Tenhya Ba

A tashar Tanut, makanike Haris ya gama duba motar lantarkin wani baƙo mai zuwa garin Tenhya.

"Malam, kilim ɗinka, na'urar sanyin, lafiya lau yake. Batir ne ya yi ƙasa, motar ta yanke sanyi da kanta. Ga shi an ɗauke wuta tun jiya."

"Tilasta mata."

"In na tilasta mata, a daji za ta ajiye ka, ba Tenhya ba. Tsohon da ke kwance a baya, sauke masa gilashi ya sha iska mana."

"Baba ne. Ya rasu da safe a likitar Damagaram. Na yi masa alkawarin kai shi gida."

Haris ya dubi rana.

"Allah ya jiƙansa. Ɗan'uwa, zafin nan bai san da alkawarinka ba. Bari in kira liman."