Gardamar Gada Ranar Sadakar Babana

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ne Salisu daga Zongon Wagadugu. 

Babana tsohon soja ne, mai harba igwa. Ranar sadakar bakwai, liman ya ce a faɗi alherin mamaci. Wani abokin aikinsa ya ce su masu igwa ne suka ƙwato wata gada a yaƙin kan iyaka.

Sai Baba Sarjan, tsohon sojan laima, ya miƙe da sandarsa: "Ƙarya ne! Mu muka ci gadar! Ku daga nesa kuka yi ta ruwan wuta, har a kanmu!" Ya yaye riga a gaban malamai, ya nuna tabo.

Innalillahi! Mutumin da kullum tabarmarsu ɗaya da babana, shi ne ma ya yi masa wankan gawa!

Na tare shi a zaure, sai ya fashe da kuka: "Ɗana, shekara talatin muna wannan gardamar da babanka. Jira nake ya ƙaryata ni, na ji shiru."

Yayyena sun ce kada ya tako ranar arba'in. Jama'a, ku ba ni shawara: wa zan zaunar a tabarmar babana in ba shi ba?