Sunan da Na Rantse Ba Zan Kira da Alheri Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, iyayena mata da 'yan'uwana na zumunta. Ku da kuka taso daga Gummi da Bukkuyum, sannunku da hanya. Sunana Hannatu, amma yawancinku kun fi sanina da Maman Rahila. Shaidata ba ta da daɗin ji, ku yi haƙuri da ni. Ba daga ciwo Ubangiji ya cece ni ba. Daga mutum ɗaya ya cece ni, mutumin da na goya a zuciyata shekara da shekaru ina roƙon Allah ya kashe mini shi.

Daga Zuru muka zo. An turo mijina, Malam Bitrus, koyarwa a wani ƙauye bayan Anka, muka tare da 'yarmu Rahila tana rarrafe. A can ta tashi da ƙafa, a can ta fara magana. Maƙwabtanmu Musulmi suka koya mata amsa kira. In na ce "Rahila!" daga madafa, sai in ji 'yar murya daga bayan rumbu ta ce "Na'am!" Wani lokaci ba abin da nake so, kiranta kawai nake yi don in ji.

Kun san abin da ya faru a ƙauyukan nan lokacin da zinariya ta yi tashe. Ana kawo duwatsu daga rami a niƙa su cikin gari, ashe akwai gubar dalma a ciki, yara suka dinga mutuwa. Ma'aikatan lafiya suka zo, aka kankare ƙasar gidaje, aka yi shela cewa kada wanda ya ƙara niƙa dutse a injin da ake niƙa hatsi. Kowa ya ji, har da mai injin unguwarmu, wani dattijo mai suna Haruna.

Na tambaye shi da bakina. Ya ce ya raba inji, na dutse yana bayan gari. Na gaskata shi, na ci gaba da kai masa gero. Da garin nan nake dama wa Rahila kunu, in hura mata, in ba ta a baki da hannuna. Ashe ƙarya ya yi mini! Injin ɗaya ne. In ya gama da masu dutse sai ya kaɗe shi da tsumma, ya zuba hatsinmu.

Rahila ta fara amai, ta fara shiɗewa. An ba ta maganin da ke fitar da gubar daga jini, ta rayu, amma ba Rahilata aka dawo mini da ita ba. Sai in tsaya a bayanta in kira, in kira har muryata ta dushe, ko waiwaye. Haka muka yi ta fama har Ubangiji ya ɗauke ta.

Bayan mun binne ta na tafi wurin injin. Na tsaya a gabansa na faɗi abin da ya yi. Bai ko kashe injin ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Matar Malam, mi kike son in yi miki? Kowa da kwananai. Ɗiyan gari nawa sunka tahi, ba wanda yaz zo ya tsaya mini bisa kai sai ke baƙuwa?"

Ko sunanta bai tambaya ba, 'yan'uwa. Ko sunanta!

Ranar na yi rantsuwa. Na ce sunan mutumin nan ba zai ƙara fita daga bakina ba sai a gaban Allah, in ina kai ƙararsa. Kuma na cika. Na yi azumi a kansa. Na ce, "Ya Allah, ka shiga gidansa yadda ya shiga nawa. Ka sa ya kira a ƙi amsa masa." Kuna ganina nan gaba a durƙushe ina kuka, kuna cewa Maman Rahila jarumar addu'a ce. Da kun san abin da nake roƙo, da kun ja kujerunku baya.

Mijina ya yi mini faɗa, ya gaji. Fasto ya yi mini nasiha, na ce Amin da baki. In na ji an ce injinsa ya lalace, ranar tuwona har da ƙari. In na ji ya sayi sabon babur, sai in kwanta da ciwon kai.

Muka dawo Anka. Akwai wani ɗaki a ƙaramin asibitin da nake kai Rahila a da, inda ake kula da yaran da gubar ta bari a baya: waɗanda shekarun tafiya sun wuce ba su tashi ba, waɗanda ba sa magana, waɗanda ba sa iya riƙe cokali. Sista Asabe, mai kula da ɗakin, ta ce tunda hannuna ya saba, in zauna in taimaka mata. Aikin ba na gaggawa ba ne. Ki jingina yaro da bango ki tare shi da matashi har bayansa ya koyi zama. Ki naɗe ƙotar cokali da tsumma ta yi kauri yadda zai iya damƙa. Ki zuba tsakuwa a gwangwani ki kaɗa ta gefen kunne, ki jira ya juyo. Ina son yaran nan, Allah ya sani. Duk wanda na ɗauka, Rahila nake ɗauka.

Shekaru suka wuce. Wata safiya wata matashiya mai suna Hadiza ta shigo da yaro a goye. Ya isa gudu da surutu, amma wuyansa lanƙwashe, idonsa na kallon iska. Sista ta tambayi garinsu da gidansu, Hadiza ta faɗa. Gwangwanin da ke hannuna ya faɗi.

Jikan mai inji ne. Tsohon ya mayar da injin bayan gari daga baya, amma don tsabar son jikan, kullum yana ɗauke da shi a cinya a wurin, cikin ƙurar dutse.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi murna! Na fita bayan ɗaki na yi dariya har da tafi. Na ce, "Allah, ashe kana ji! Yanzu ya ɗanɗana!" Ranar da waƙa na koma gida.

To, ga inda Ubangiji ya ɗana mini tarko. Matakin farko ga yaro irin wannan shi ne ya san sunansa, a kira ya juyo. In babu wannan, ba abin da za a ɗora a kai. Sista ta ce wa Hadiza ta kira shi mu gani. Hadiza ta sunkuyar da kai, ta ja gyale ta rufe baki. Ɗan farinta ne, kuma sunan surukinta aka sa masa. Kun san al'adar nan: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, matar ɗa ba ta kama sunan suruki. Kunya biyu ta haɗu a kan yaro ɗaya. A gida ubansa yana ce masa Baba, kakarsa tana ce masa Maigida, uwarsa kuwa sai dai "kai". Sista ta gwada su duka, ko gezau. Da ta kira sunansa na yanka, sai fatar idonsa ta motsa, domin da shi kakan yake yi masa wasa.

Sista ta ce, "Shi ke nan, da wannan za mu yi aiki. Maman Rahila, naki ne. Kullum ki zauna bayansa ki kira, ki jira, ki sake kira."

Ni? Sunan da na keɓe don tsinuwa, shi zan dinga rerawa da murmushi?

Na ƙi. Ban ce na ƙi ba, amma na ƙi. Na zaunar da shi, na share masa yawu, na ba shi kunu, domin ban iya zaluntar yaro da hannu. Amma in lokacin kira ya yi sai in ce, "Kai, yaro." Makonni suka shige. Waɗanda aka kawo tare da shi suka fara miƙa hannu, shi yana nan inda yake. Sista ta ja ni gefe ta ce, "Kan yaro kamar yumɓu ne, yana bushewa. Abin da ba mu gina yanzu ba, nan gaba ba zai ginu ba." Na ce na ji. A raina na ce ya bushe, ai nawa ma ya bushe.

Hadiza ba ta san komai ba, daga Bukkuyum aka auro ta bayan abin ya wuce. Wata rana ta kama bakin zanena ta ce, "Maman Rahila, ni ban iyawa. In anka ji ni, ina zan sa kaina? Ke ba ki da wagga kunya. Don Allah ki kira mini shi, ko sau guda in ga ya waiwayo."

Na zare zanena na ce ina da wanki.

Da rana tsaka na dawo ɗaukar tabarma, sai na hange ta ta taga. Ba kowa a ɗakin sai ita da yaron. Ta durƙusa a bayan yaron, leɓunanta suna motsi, suna yin sunan, amma ba sauti. Ta yi, ta yi, hawaye na zuba, yaron yana kallon bango. Na san wannan durƙuson. Na san wannan ƙeyar da ba ta juyowa. Ni ce a wurin nan, da Rahila.

Na ruga bakin famfo na zube a cikin taɓo. Ba addu'ar ladabi na yi ba, faɗa na yi da Allah. Na ce, "Ba haka na ce ba! Shi na ce ka buga! Me wannan yarinyar ta yi?" Sai na ji a cikin zuciyata, a sarari kamar yadda kuke jina yanzu: "Gidansa kika ce. Ga gidansa. Kin ƙoshi?"

Wayyo, ban ƙoshi ba! Ku fahimce ni, ban ce addu'ata ce ta kama yaron ba, ƙurar inji ce. Amma na yi rawa a kan abin da ya kashe 'yata, kuma ga shi ina taya gubar aiki da bakina a rufe. Na ce, "Yesu, ban yafe ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma buɗe mini baki. Sauran ka ji da shi." Halleluya, ya ji ni!

Na shiga da taɓo a gwiwa na zauna bayan yaron. Na buɗe baki, sunan ya fito yadda ya saba fitowa, kamar tsawa: "Haruna!" Yaron ya zabura ya fashe da kuka. Sista ta leƙo da gudu ta ce, "Yana ji! Amma Maman Rahila, ba kotu muke ba, sassauta."

Na sassauta. Kullum in kira, in jira. Da farko sunan yana yi mini ɗaci kamar na tauna maɗaci. A hankali ya zama sunan wani ɗan yaro mai son kunun gyaɗa, mai ƙin a taɓa masa kunne. Kafin damina ta fita, ya fara juyo da wuya. Ranar farko Hadiza ta toshe baki da gyale ta yi kuka, ni ma na taya ta.

Wata ranar kasuwa ina bayansa na ce, "Haruna." Ya juyo ya kalle ni. Sai wata tsohuwar murya daga bakin ƙofa ta ce, "Na'am."

Mai inji ne, ya zo ganin jikansa. Ya rame, hannuwansa suna rawa, gubar ba ta bar shi ba shi ma. Na ce, "Ba kai nake kira ba."

Ya dube ni ya gane ni. Ya ce, "Matar Malam? Ke ce ka kula da shi?"

Shekaru ina shirya maganar da zan gaya masa, mai tsawo, mai zafi. Na neme ta na rasa. Abu ɗaya ya rage. Na ce, "Kullum ina kiran sunanka a ɗakin nan. Kai ka san sunan 'yata?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban sani ba."

Na ce, "Rahila. Faɗi."

Na sake cewa, "Faɗi in ji!"

Ya ce, "Rahila." Muryarsa ta karye a tsakiya, ya dafa ƙofa ya sake faɗa ba tare da na sa shi ba.

Iyakar fansar da na samu ke nan, 'yan'uwa, kuma Ubangiji ya sa ta ishe ni. Ban ce muku mun zama abokai ba. Na gaya masa in na ƙara jin ya kai yaron nan wurin inji, da ƙafata zan je wurin hakimi, kuma ya san zan je. Har gobe in na ji ƙarar injin niƙa ƙirjina yana bugawa. Amma na daina azumi a kan mutuwar mutum, na daina kwana da shi a zuciya.

Na gode wa Yesu da ya ƙwace ni daga hannun wanda na ɗauka ni ke riƙe da shi. Ke da kike zaune nan da wani suna a maƙogwaro, kada ki jira sai kin ji kin yafe. Ki kai masa shi da ɗacinsa, ki dogara gare shi, ya san yadda zai yi.

Ku sa Haruna ƙarami a addu'a. Bai fara tafiya ba tukuna, amma makon jiya na kira shi, ya juyo, ya buɗe baki ya ce, "Am." Tun da gubar ta kama Rahila ban ƙara jin yaro ya amsa mini ba sai ranar.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.