Sharaɗin Inna Dije

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni malamar lakol ce, wato makarantar boko, a Cadawa, ina so masu sauraro su ji abin da ya same ni.

Hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, ba ni da wanda zan bar wa ɗiyata, don dangina duk suna Gidan Rumji. Sai na tafi wurin Inna Dije, wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta saba rainon ƴaƴan ma'aikata. Na je da shirin ciniki, na ce jika goma a wata.

Ta ce, "Bakwai ta isa, ɗiyata, amma da sharaɗi."

Na ce, "Wane sharaɗi, Inna?"

Ta ce, "Shekara uku ina goyon ɗan wani ma'aikaci. Da aka yi masu canjin wurin aiki zuwa wani gari, sai na tarar da ƙofarsu a kulle, ko sallama babu. Har yau takalmin yaron yana ɗakina. In za ku tashi, ki gaya mini da wuri, in yi kukana a hankali."

Wallahi sai da na share hawaye. Na ce na yarda, amma goma zan bayar. Muka yi ta ja, ina ƙarawa tana ragewa, har muka tsaya a takwas.

Wata huɗu ke nan, in na taso daga lakol sai da lallashi ɗiyata ke sauka daga bayanta.

Ƴan'uwa ma'aikata, don Allah mu riƙa sallamar masu raino. A gaishe mini da Inna Dije, a ce ta huta, yau Lahadi goyon nawa ne, ko da yake na san kafin la'asar za ta leƙo.