Zakin Gidan Tollerby

Marva: Baffa Cuthbert? Marva ce, daga Ingila.

Cuthbert: 'Yar ƙanena! Ya sanyi? Ya aikin asibiti?

Marva: Lafiya lau. Ya mutanen Barbados? Ya gwiwar?

Cuthbert: Da sauƙi. Kin je ƙauyen kakanninmu kuwa? Gobe ne taron dangi, ni zan yi jawabi. Har na sa an zana zaki da takobi, tambarin gidanmu, a bangon shagona.

Marva: Na je, Baffa. Ina Gwaggo Eulalie?

Cuthbert: Tana gyaran kifin gobe. Bar zancen gwaggo! Gidan sarautar hawa nawa ne?

Marva: Babu gidan. Sunan ma ya ƙare a nan, ba sauran Tollerby ko ɗaya.

Cuthbert: Ai manya ba sa yawa. Amma sun san mu?

Marva: Sani kai! Ina faɗin sunana wata tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. Biki suke yi duk shekara.

Cuthbert: Kin ji ko! Eulalie, zo ki ji, biki ake mana!

Marva: Tsaya mana. Wani ne ke saɓa rago a kafaɗa ya ruga, yara na jifansa da ruɓaɓɓen kabeji suna ihu, "Tollerby! Tollerby!"

Cuthbert: Me? Layin na tsinkewa.

Marva: Tollerby na farkon ɓarawon rago ne, Baffa! Rataye shi za a yi, sai aka cusa shi a jirgin ruwa zuwa Barbados.

Cuthbert: Ƙarya suke, 'yan hassada!

Marva: Da ya gama wa'adin hukuncinsa aka danƙa masa bulala a hannu, ya zama mai tsaron bayi a gonar rake. Ta nan sunan ya manne mana. Ai Kaka ta sha faɗa, ku kuka ce tsufa ne.

Cuthbert: Eulalie, koma wajen kifinki.

Marva: Baffa? Kana ji?

Cuthbert: Ina ji. Na gayyato Fasto, na ɗinka kwat. Shekara da shekaru ina hana yara wasa da 'ya'yan masunta saboda wannan sunan.

Marva: To ka faɗa wa dangi gaskiya gobe.

Cuthbert: Raguna nawa ya sata?

Marva: Ɗaya.

Cuthbert: Ɗaya tal? Haba! In an tambaye ki, ki ce garke guda ya kora. Eulalie! Kira min mai fentin nan, ki tambaye shi ko zaki zai iya komawa ra…

Marva: Baffa? Baffa!