Injin Baba Ya Yi Shiru

Farhana: Salamu alaikum. Yaya Iddrisu?

Iddrisu: Wa alaikumus salam. Farhana, kin yini lafiya? Yaya Zongo?

Farhana: Lafiya lau. Ina gajiya? Yaya su Anti Ajara da yara?

Iddrisu: Kowa ƙalau. Yaya ruwan jiya?

Farhana: Ruwa ya yi gyara. Yaya Kwadaso?

Iddrisu: Mun gode Allah. Na ji muryarki wani iri. Lafiya dai?

Farhana: Lafiya... Yaya, tankin nikanika ya huje.

Iddrisu: Wa ya guje?

Farhana: Ya huje na ce. Tankin injin niƙa. Na buɗe shago shekaranjiya, na tarar mai ya malale har ƙarƙashin buhunan mutane.

Iddrisu: Subhanallahi. Tankin da ya girme ki?

Farhana: Shi. Man nan ne da Sheriff ke kawo mana, tsohon man suya da yake tacewa.

Iddrisu: Ba ke kika ce yana ja kamar dizal ba, har hayaƙin na ƙamshin ƙosai?

Farhana: Yana ja mana. Ashe ta ciki yake ci. Osmanu fita, makanikin nan, ya kwance ya nuna min: gindin tankin duk tsatsa, sai ka tura yatsa ya wuce. Robobin sun yi laushi kamar danƙo, bututun jan ƙarfe ya koma kore. Ya ce man yana da tsami, yana kuma tara ruwa a ƙasa.

Iddrisu: To a liƙe tankin mana.

Farhana: Tsatsar ta riga ta shiga famfon mai. Osmanu ya zaga kasuwar kayan gyara ta Magazin kaf, wai irin wannan injin an daina kawo kayansa... Halo? Kana ji na?

Iddrisu: Ina ji, motar haya trotro ce ta wuce. Masu koko fa?

Farhana: Sun kwashe masararsu sun yi wani injin a Asawase. Ban ga laifinsu ba. Ni ba su ne damuwata ba, Yaya. Baba ne.

Iddrisu: Kin faɗa masa?

Farhana: Da wane baki? Ka san tun da idonsa ya rufe, da ƙarar injin nan yake sanin gari ya waye. Ya tambaye ni, na ce an kai haƙoran niƙa a wasa. Yau ya ce shi ya kafa injin nan da hannunsa, wasa haƙora ba ya cin kwana. Ko kokonsa bai taɓa ba.

Iddrisu: Ki lallaɓa shi. Jumma'a zan shigo, ni zan yi masa bayani.

Farhana: Na gaji, wallahi. Cewa ya yi in kai shi shagon ya shafa da kansa.

Iddrisu: Kar ki kai shi. Ki ce mabuɗi na wurina.

Farhana: Yaya, ga shi nan tsaye bakin ƙofa da sandarsa. Har ya sa hula.

Iddrisu: Ba shi wayar. Farhana? Ki ba shi wa...